Ɗaukar hoton mesa a gida: ka fara da haske

Shekara uku ke nan ina kiwon ƴar mesa a gidanmu na unguwar Zariya a Maradi, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Hotunan farko da na yi mata sun ɓata min rai. Fitilar waya ta daki fatarta ta yi fari fat, zanen nan na baƙi da ruwan zuma duk ya ɓace.

Maganar kyamara ba ta da tsawo. Nikon D3500 ko Canon EOS 2000D, dukansu fitowar 2018 ne masu megafiksel 24, kuma gilashin 18-55mm da ke zuwa da su ya isa. Ta hannu ma lafiya lau, sai dai ka ɗauki hoton farin bango a gaban mai ita, ka duba ko ɗigon ƙura ya fito. In hunturu ya kama, kada ka kwance gilashin a tsakar gida.

Haske shi ne aikin. Kashe fitilar da ke bisa kyamarar tukuna. Ni a zaure nake yi da hantsi, daidai bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe ba tare da rana ta taɓa ta ba. Ɗaya ɓangaren kuma sai ƙanena ya riƙe farin kwali, inuwar ta yi laushi. In dare ne, fitilar LED mai caji nake ajewa a gefe, in rataya farin ƙyalle tsakaninta da mesar. Ƙwan fitila mai zafi kam a'a. Maciji ba ya iya sanyaya jikinsa da kansa, ga zafin Maradi a watan Afrilu yana haura digiri 40. Tabarma ko baƙin yadi ya fi siminti fito da launinta.

Sai ka kwanta rub da ciki, kyamara daidai da kan mesar, ka saita a kan ido. A saitin kyamarar ina farawa da f/8 (faɗin ƙofar da haske ke shiga) da ISO (ƙarfin kama haske) 400 zuwa 800. Harshe ne ke ba da wahala, don kafin ka danna ya koma. Sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa, ka riƙa ɗauka a jere, cikin goma wataƙila ɗaya ya kama shi a waje.

Ka san lokacinta. In idonta ya yi hazo-hazo, saɓa za ta yi, ƙyale ta. Kashegarin saɓa launinta ya fi kyau. Bayan ta ci ɓera kuwa ina ba ta kwana biyu, don in aka dame ta tana iya amayar da shi.

Duk wannan na mesa ne marar dafi. Kububuwa, kasa da kumurci ba a kwanta musu a gaba, ko da gardi ya ce ya cire haƙoran. Tawa ma minti goma nake ba ta. Da ta fara cusa kai cikin jikinta, sai in mayar da ita akwatinta.