Inda ake kashe injin tsohuwar Camaro tun ba ta taka kwalta ba

Daga 1964, shekarar da Pontiac GTO ta fito, zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin motoci na Detroit sun yi ta tseren dasa manyan injuna masu silinda takwas a cikin motoci masu matsakaicin jiki. Su ne Amurkawa ke wa kirari da motoci masu ƙwanji. Yau waɗanda suka rage sun haura shekara hamsin, kuma mutane na zuba dukiya da lokaci don su farfaɗo da su. Zan yi magana a kan wadda na fi sani, Chevrolet Camaro SS ta 1969 mai injin 350 (girman cikinsa ke nan a ma'aunin inci), wato lita 5.7, mai ƙarfin doki 300. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin injunan da ke lalacewa bayan gyara ba a hanya suke mutuwa ba. A kan benci aka kashe su, ko a minti ashirin na farko da aka tayar da su.

Kafin inji, kalma biyu a kan bodi. Sabon shiga yakan ga fenti yana ƙyalli ya biya kuɗi. Kyan ɗan maciji ne. Tsatsar waɗannan motoci tana ɓuya a ƙarƙashin kafet, a ƙasan but, a gefen gilashin baya, da kwarin da ke gaban gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya. Ɗauki maganaɗisu ka bi gefen motar da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, ciko ne aka shafe da fenti. Kuma kada ka fara da fenti, domin sai ka shigar da inji ka fitar, kuma da wuya sifana ba ta karce wani wuri ba.

Kuskuren farko a inji yana faruwa ne ranar kwancewa. Mutum ya ji daɗin aiki, ya warware komai ya zuba a bokiti ɗaya. Murafun da ke riƙe karanshaf da na sandunan fistin ba a musanya su. A masana'anta, kowane murfi an ɗaure shi a mazauninsa sannan aka gyara ramin tare, don haka murfin sanda ta uku ba zai zauna daidai a ta biyar ba, ko da ido ya ce ya zauna. Buga wa kowanne lamba kafin ka cire shi, ka nuna gefen da ke kallon gaba. Ɗauki hoto a kowane mataki, ka sa notuna a leda ka rubuta inda suka fito. Bayan wata takwas ba za ka tuna ba.

Akwai wata asara da ba ta gyaruwa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. A gaban bulok, gefen fasinja, dab da kan silinda, akwai wani ɗan fili da aka buga lambobi: inda aka haɗa injin, ranar, irinsa, da wani yanki na lambar motar kanta. Wannan ce shaidar cewa injin shi ne wanda motar ta fito da shi daga masana'anta, kuma masu saye suna biyan kuɗi mai yawa saboda ita. To wannan fili yana kan fuska ɗaya da saman bulok. Idan ka kai wa masu injin sassaƙa ka ce su daidaita saman, wuƙar za ta bi ta kan lambobin ta shafe su cikin daƙiƙu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Faɗa musu baki da baki, ka rubuta a takardar aiki, cewa su tsayar da wuƙa kafin ta kai wurin. Idan saman bai karkace ba, a bar kaza cikin gashinta.

Sai sayen kaya kafin awo. Kada ka sayi fistin ko guda sai an wanke bulok, an bincika tsagewa da na'urar maganaɗisu, an auna silinda. Faɗin silindar 350 inci 4 ne cif. Idan ta ci, yawanci ana ƙara mata 0.030 na inci, injin ya koma 355. Amma wataƙila wani ya riga ka ƙarawa shekara talatin da suka wuce, kuma duk ƙari yana rage kaurin bango, bango mai siriri kuma shi ke kawo zafi. Mai awo ne zai gaya maka girman fistin, ba kai za ka gaya masa ba. A duba kawunan silinda ma, don sukan tsage kusa da mazaunin bawul.

Da bulok ya dawo daga masu sassaƙa, kada ka yarda da cewa a wanke yake. Garin dutsen goge silinda yana maƙale a bango. Fetur ba ya fitar da shi. Ruwan zafi da sabulu da buroshi, har sai ka goga farin ƙyalle mai ɗan mai ya fito fari tas. Bi hanyoyin baƙin mai da dogon buroshi, sannan ka ƙirga toshe-toshen da aka cire. Akwai wani ɗan ƙarami da ke ɓoye a ƙarƙashin murfin karanshaf na baya. Idan aka manta da shi, injin zai tashi lafiya, amma mai zai riƙa zagaye filta ba tare da an tace shi ba, kuma ba za ka sani ba sai mital, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya ci ya gaya maka.

Kowane bakanike da ya taɓa yi wa Peugeot 504 zobe ya san zobe na buƙatar sarari, amma da yawa suna ɗauka wanda ya fito daga kwali daidai yake. Saka kowane zobe a silindar da zai zauna, tura shi da kan fistin ya daidaita, ka auna gibin. Ƙa'idar ita ce kusan 0.004 na inci ga kowane inci na faɗin silinda, wato wajen 0.016 a zoben sama. Idan ya matse, zafi zai faɗaɗa shi, bakunan su haɗu, ya fasa kan fistin. Haka mital ɗin karanshaf: wuyan tsakiya inci 2.45 ne, sararin mai kuwa wajen 0.002 zuwa 0.003, kamar kaurin gashin kai ɗaya. Ɗan zaren Plastigage mai araha, wanda ake matsewa a ƙarƙashin murfi a auna yadda ya baje, zai nuna maka shi. Bayan ɗaure kowane murfi, juya karanshaf da hannu. Inda ya fara tauri, nan matsalar take, tsaya nan.

Kowane kan silinda yana da noti 17, kuma ramukansu sun ratsa har cikin hanyar ruwa, saboda haka sai an shafa wa zarensu abin toshe yoyo. Ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, a zagaye uku, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba.

Injin 1969 an yi shi ne don fetur mai dalma, da matsin 10.25 zuwa 1, wato yawan yadda fistin ke matse iska da fetur a silinda. A 1971 General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, ta rage matsin injunanta don su ɗauki fetur mai ƙarancin dalma, kuma a 1996 Amurka ta hana mai dalma a motocin hanya gaba ɗaya. Idan motar za ta yi tafiya sosai, a dasa mazaunin bawul mai tauri a gefen hayaƙi, a kuma zaɓi fistin da zai yarda da fetur ɗin da za ka samu a gidan mai. Tsofaffin tiyo na roba ma a canza su, ethanol ɗin da ke cikin fetur na yau yana cinye su. Game da kafireto, kwaɗayin babba ne ke ɓata mota. Rochester Quadrajet da ta zo da injin, idan an gyara ta da kyau, ta ishe shi har da saura.

Yanzu ga inda na taɓa ƙonewa. Waɗannan injuna suna da kamshaf (sandar da ƙullayenta ke buɗe bawul) irin na da, inda gindin lifta, ɗan ƙarfen da ƙullin ke turawa sama, ke gogar ƙullin kam kai tsaye, ƙarfe a kan ƙarfe. Sai a 1987 Chevrolet ta koma lifta mai ƙaramar taya a gindi a motocinta. Abin da ke kare wannan goga shi ne sinadarin zinc da fosforas a cikin baƙin mai, kuma an rage shi a man zamani saboda yana lalata na'urar tace hayaƙi. Ni kuwa na zuba man zamani mai tsada, ina ganin na kyautata wa injin. Ƙari a kan haka, na dasa distributa a juye, injin ya ƙi tashi, na yi ta murza kiya kusan rabin awa, man da na shafa wa kam duk ya goge. Da na gyara ya tashi, sai na bar shi yana silo ina sauraron muryarsa cikin farin ciki. Mako biyu bayan nan wani ɗan ƙas-ƙas ya fara fitowa daga gefen direba. Da na zaro liftar silinda ta bakwai, gindinta ya lotsa kamar cokali, ƙullin kam kuma ya kusa zama zagaye. Garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina. Sai da na sauke injin gaba ɗaya.

Yadda ya kamata a yi ga shi. Sabon kam, sababbin lifta, kada a haɗa sabo da tsoho. A shafa man haɗi mai kauri a kowane ƙulli da gindin kowace lifta. A zuba man da aka yi musamman don tayar da sabon inji, mai yawan zinc. Kafin a murza kiya, a juya famfon mai da injin huda ta ramin distributa har sai mai ya ɓullo a saman kowane bawul. A tabbatar fistin silinda ta ɗaya ya kai ƙololuwa a zagayen matsi lokacin dasa distributa, a bi wayoyin filogi bisa tsarinsu, 1-8-4-3-6-5-7-2, a cika kafireto da fetur da lagireto da ruwa, don injin ya kama nan take. Idan sifirin ɗin bawul biyu-biyu ne, a cire na ciki sai an gama.

Da ya kama, ɗaga shi zuwa juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, kana ɗan hawa da sauka, na tsawon minti 20 zuwa 30. Dalili shi ne kam yana samun mai ne daga feshin da karanshaf ke watsawa, kuma a silo feshin ba ya isa. Sa mutum ɗaya ya zuba ido a kan agogon mai da na zafi, wani yana leƙen yoyo a ƙasa. Idan wani abu ya taso, kashe injin gaba ɗaya, ka gyara, ka koma kan juyin da kake.

Kana gamawa, zubar da man tun yana da zafi. Yanke filta, ka warware takardar da ke ciki a hasken rana. Ɗan ƙyalli kaɗan mai laushi ba komai ba ne a sabon inji. Idan kuwa ka bi takardar da maganaɗisu ya fito da baƙin gari, buɗe murafun bawul ka duba wane hannun danna bawul ne ya rage motsi kafin ka sake murza kiya.