Yadda ake gane kwatabak na ƙwarai a gasar NFL

A ƙwallon Amurka, wadda NFL ce babbar gasarta, kusan kowane hari ta hannun mutum ɗaya yake bi, wato kwatabak. Ɗan tsakiyar layin masu kare shi zai miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, daga nan abin da ya rage masa bai wuce daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba kafin ƙartin abokan hamayya su cim masa. Duk ƙwarewarsa a wannan ɗan taƙin take bayyana. Don haka mai son tantance shi, ko mai koyar da matashi, ya fara duba kai da ƙafa. Ƙarfin damtse, wanda shi ne ke burge 'yan kallo, daga baya yake zuwa.

Kafin a miƙo ƙwallo

Tsakanin hari da hari daƙiƙa 40 ake bayarwa. Koci yana faɗa wa kwatabak dabarar da za a yi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, amma ana katse layin da zarar saura daƙiƙa 15. Daga nan shi kaɗai ne da idonsa.

Abu na farko, ya ƙirga masu tsaron can baya. Idan ɗaya ne a tsakiya, tsakiyar fili a toshe take, sai a nemi gefe, inda mai karɓa zai kasance ɗaya da ɗaya da mai tsaronsa. Idan biyu ne, akwai kafa a tsakaninsu, kuma mutanen da ke gaba sun ragu, don haka miƙa wa mai gudu ya fi riba. Na biyu, ya nuna wa masu kare shi su biyar wanda za su ɗauka a matsayin ɗan tsakiyar masu tsaro, domin daga kansa ake raba wa kowa wanda zai tare. In aka yi kuskure a nan, wani zai kutso babu mai taɓa shi. Na uku, ya sa ɗaya daga cikin masu karɓa ya tsallaka zuwa ɗaya gefen. In wani ya bi shi sawu da ƙafa, tsaron mutum da mutum ake yi. In sun ɗan gusa kawai, kowa yankinsa yake gadi. Peyton Manning ya yi suna wajen sauya dabara a nan bakin layi, kuma sau 5 ana ba shi kyautar gwarzon gasar.

Sai dai masu tsaro ma ba barci suke ba. Sukan nuna mutum biyu a baya, ana miƙo ƙwallo ɗaya ya gangaro. Kwatabak ɗin da ya yanke hukunci tun kafin ƙwallo ta zo, bai sake dubawa ba, shi ne ake cafke wa jifa.

Ƙafa ita ce agogo

Ja da baya yana da lissafi: taku 3 don gajeren jifa, 5 don matsakaici, 7 don mai nisa, kuma takun kan ragu idan ya tsaya kamar yadi 5 a bayan ɗan tsakiya. An auna kowanne da hanyar da mai karɓa zai bi. A takun ƙarshe ƙafar baya ta kafu, ƙwallo ta fita zuwa zaɓi na farko. In a rufe yake, ɗan tsalle guda gaba, ido da ƙafa su koma kan na biyu. Wani kuma, na uku. In na uku ma babu, a sauke wa mai gudu da ke kusa. Wanda idonsa ya koma hagu alhali ƙafarsa na kallon dama, jifansa zai kauce ko da hannunsa na zinariya ne.

Ƙarfin jifa daga ƙugu yake tasowa. Nauyi ya taso daga ƙafar baya zuwa ta gaba, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, sannan hannu. Yatsun ƙarshe biyu su hau kan ɗinkin ƙwallon, a bar 'yar tazara tsakanin tafin hannu da fatar, manuniya ce ta ƙarshe da za ta rabu da ita, ita ke sa ta juya kamar katantanwa. Kurakuran da aka fi gani: buɗe taku da yawa, wanda ke sa gwiwar hannu ta faɗi ƙwallo ta tashi sama, sandarar da gwiwar ƙafar gaba, sai ƙwallo ta nutse ƙasa, da jifa ana jingine da baya saboda tsoron karo, wanda ke sa ta yi ta lilo a iska har mai tsaro ya iso.

Saiti kuwa ya wuce a ce ƙwallo ta isa hannun mutum. In mai tsaro yana ciki, a jefa kafaɗar waje. In mai karɓa yana ratsa fili, a sa ta gabansa daidai ƙirji don kada ya rage gudu. Kuma a sake ta kafin ya juyo, domin a NFL wanda ka ga a buɗe, kafin ƙwallo ta isa an rufe shi. Drew Brees, mai tsawon ƙafa 6 kacal, wanda ake ganin gajere ne a wannan matsayi, ya isar da kashi 74.4 cikin 100 na jifansa a 2018 da wannan dabarar.

Game da ƙarfin hannu, akwai ma'auni: ya iya kai ƙwallo daga wancan ɓangaren fili zuwa bakin layin gefe, yadi 15 gaba, a miƙe ba tare da ta yi lilo ba. In ya iya wannan, ya wadatar. JaMarcus Russell yana da hannun da ba a cika samun irinsa ba, Oakland Raiders suka ɗauke shi na 1 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2007, suka sallame shi a 2010. Tom Brady kuwa sai a na 199 aka ɗauke shi a 2000, ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, sau 7.

Cikin rubdugu

Masu kai farmaki daga gefe zagayowa suke yi, don haka mafaka tana gaba. Taku ɗaya ko biyu zuwa ciki, hannu biyu a kan ƙwallo, ido a can cikin fili. Matashi yakan ja da baya ko ya fice gefe, sai ya faɗa hannun wanda mai kare shi ya riga ya ture. Mafi muni shi ne ido ya sauko kan masu tahowa. Daga nan harin ya mutu. Dukan da ya yi yawa shi ke koyar da wannan hali, shi ya sa ake yawan tuna David Carr, wanda aka kayar sau 76 a shekararsa ta farko da Houston Texans a 2002.

Gudu ƙari ne mai tsada. Lamar Jackson ya ci yadi 1,206 da ƙafarsa a 2019. Amma mai gudu ya koyi zamewa da ƙafa a gaba, domin doka ta hana a doke shi in ya yi haka, ko ya fice ta layin gefe. Wasa 17 ake yi a kaka guda, yadi biyu ba su kai kafaɗa daraja ba.

Sai sanin lokacin haƙura. A 2019 Jameis Winston ya yi jifa 33 na cin maki, amma aka cafke masa 30. A 2018 sau 2 kacal aka cafke wa Aaron Rodgers. In babu kowa a buɗe, a fice daga tsakanin masu kariya a wurgar da ƙwallo waje, muddin ta kai layin da aka fara harin. In ba haka ba alƙalin wasa zai hukunta.

A mintuna biyun ƙarshe lissafin yakan sauya. Jifan da aka kama a tsakiyar fili ba ya tsayar da agogo, na gefe da aka fita da shi waje yana tsayarwa, kuma a kayar da kwatabak a nan asara biyu ce, ta yadi da ta lokaci. Dole ya san hutun tsayar da agogo nawa ya rage wa ƙungiyarsa da inda ƙafar mai bugunsu take kaiwa. A Janairun 2022, saura daƙiƙa 13 Kansas City na bayan Buffalo da maki 3, kwatabak ɗin Kansas City Patrick Mahomes ya yi jifa biyu, yadi 44, ana tsayar da agogo da hutun da suka adana bayan kowanne. Mai bugunsu Harrison Butker ya buga daga yadi 49 aka yi kunnen doki, suka ci 42 da 36 a ƙarin lokaci.