Darasi na 6: Saiwar iboga da barin ƙwaya

Iboga ɗan ƙaramin itace ne da ke fitowa a dazukan Gabon, Kamaru da Kwango. Ɓawon saiwarsa ake kankarewa a shanya a daka, ga ɗan karen ɗaci. Mabiya addinin Bwiti a Gabon sun daɗe suna cin sa ranar shigar da sabon mabiyi. A 1901 masana a Faransa suka tace sinadarin da ke ciki, ibogen. A 1962 wani saurayi Ba'amurke mai shan hiroyin, Howard Lotsof, ya sha ibogen, sai ya wayi gari babu ciwon gaɓoɓi da zufa da zawon da kan kama wanda ya daina. Daga nan magana ta bazu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin bugu da bugu, zuciya na buƙatar ɗan lokaci ta sake shiri. Ibogen yana tsawaita lokacin nan, bugun ya rikice, wani sa'in zuciya ta tsaya cak. An rasa rayuka ta haka. Wanda ya kwana biyu yana amai da zawo ya fi shiga haɗari, domin fotasiyam da magnesiyam, sinadaran da bugun zuciya ke buƙata, sun ragu a jininsa. Ƙarfin ɓawon kuma ba ɗaya ba ne daga saiwa zuwa saiwa, don haka awo da cokali yaudarar kai ne.

Shi ya sa a inda likitoci ke sa ido, sai an fara gwajin zuciya na ECG, an auna jini da hanta, an ji duk magungunan da mutum ke sha. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu ba a ba su. Bayan an sha, mayen kan kai kwana guda ko fiye. Ƙafa ba ta ɗaukar mutum, ko banɗaki sai an riƙe shi. A gefe ake kwantar da shi don kada amai ya shaƙe shi, na'ura na bin bugun zuciyarsa. Ba aikin gida ba ne, ko kusa. Amurka ma ta haramta shi.

Mashayin giya ko mai shan ƙwayar barci ta diyazefam kada ya daina kwatsam don ya dogara da saiwa. Jijjiga na iya kama shi, iboga kuwa ba ya tare ta.

Sai 'yan'uwa su kula da makonnin farko bayan an daina. Jiki ya riga ya manta sabo, adadin ƙwayar da mutum ya saba haɗiya a da yanzu yana iya tsayar masa da numfashi.