Yadda Ake Wanke Gwal, Azurfa da Duwatsu Masu Daraja a Gida

Zoben da ya daina sheƙi bai lalace ba. Sau da yawa abin da ya dusashe shi bai wuce man shafawa da gumi da busasshiyar kumfar sabulu ba, waɗanda suka taru a hankali suka lulluɓe shi. Wannan kuwa ruwan ɗumi da ɗigon sabulu sun ishe shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yawancin kayan adon da na ga sun lalace a hannun masu su, ba dauɗa ce ta kashe su ba, wanki ne. An dirje da man goge baki, an jiƙa a bilic, an tsoma a ruwan tsami wai don ya yi haske. Saboda haka kafin ki ɗauko kwano, ki fara sanin abin da ke hannunki.

Da farko, ki gane ƙarfen da dutsen

Ki juya zoben ki leƙa cikinsa. Idan sarƙa ce, ki duba kusa da maɓallinta. Ɗan kunne kuma a jikin tsinkensa. Galibi akwai 'yar lamba da aka buga, ƙarama ƙwarai, wani lokaci sai kin ɗauki hotonta da waya kin buɗa sannan za ta karantu. Lamba 916 na nufin karat 22, wato kashi 91.6 cikin ɗari zinari ne. 875 karat 21 ne, 750 karat 18, 585 kuma karat 14. Ragowar kason wasu ƙarafa ne irin su jan ƙarfe da azurfa da aka gauraya don ya yi ƙwari, domin zallar zinari taushi gare shi, ba ya jure sawa kullum. Lamba 925 ta azurfa ce: kashi 92.5 azurfa, sauran yawanci jan ƙarfe. Idan kuwa kin ga haruffan GP, to ruwan gwal aka yi wa wani ƙarfe, kuma wannan ruwan ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Kowace dirza ɗaya tana rage shi.

Duwatsu ma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ma'aunin da wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, wanda ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya karce wani. Daimon shi ne 10. Yaƙutu, ja ko shuɗi, yana 9. Zumurrudu yana tsakanin 7.5 da 8. Lu'ulu'un da ake cirowa daga cikin kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, kuwa bai wuce 2.5 zuwa 4.5 ba, zallar zinari ma yana wajen 2.5 zuwa 3. Ga abin lura a nan: ƙurar da ke sauka a kan kaya tana ɗauke da ɓurɓushin yashi mai ƙarfin 7. Ke nan ƙurar ta fi gwal ɗinki ƙarfi. Idan kika ɗauki busasshen tsumma kika goge zobe mai ƙura, tamkar kin goge shi da yashi ne. Shi ya sa ake fara jiƙawa, sannan a goga.

Na biyu, ki duba kafin ruwa ya taɓa

Wannan minti ɗaya ne, amma kada ki tsallake shi. Ki riƙe zoben kusa da kunne ki ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. Idan kin ji wani ɗan ƙas-ƙas, dutsen ya saki. Ki taɓa shi da tsinken sakace ki ga ko yana motsi, sannan ki shafa 'yan faratan da ke riƙe da shi a jikin yadi mai laushi. Farcen da ya ɗago zai kama zare. Abin da ya saki ba a wanke shi a gida. Wani lokaci dauɗar da ta daskare ce kaɗai ke riƙe da dutsen, kina wankewa sai ya faɗo. A kai wa maƙerin zinari ya matse tukuna.

Na uku, wankin kansa

Wannan hanya ta gwal ce zalla, da gwal mai daimon ko yaƙutu. Ki sami ƙaramin kwano, ki zuba ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo biyu ko uku. Ki saka kayan su jiƙa minti 15 zuwa 20. Kada ki cusa da yawa lokaci guda suna gugar juna.

Sai ki ɗauko buroshin haƙori mai laushi sosai, irin na jarirai, sabo wanda bai taɓa ganin man goge baki ba. Ki riƙa shafawa a hankali, ba dirza ba. Inda aikin yake shi ne bayan dutse. Mutane da yawa suna goge fuskar daimon su yi ta mamakin me ya sa har yanzu bai walƙiya. Daimon yana da ɗabi'ar jan maiƙo, kuma maiƙon a ƙarƙashinsa yake taruwa, a ɗan ramin da ke fuskantar yatsa. Hasken da ya shiga dutsen ta sama daga waɗannan fuskoki na ƙasa yake dawowa ido. Idan sun toshe da mai, sai dutsen ya yi kamar kwalba. Ki kifa zoben, ki sa bakin buroshi a ramin, za ki ga wani abu fari-fari mai kama da danƙo yana fitowa. Ranar da na fara yi wa zobena haka, da na ɗauraye na ɗaga shi a taga, sai da na tsaya ina jujjuya shi kamar ranar da ya fara shiga hannuna.

Sarƙa mai ƙananan zobba ki shimfiɗa ta a tafin hannu ki bi ta da buroshi daga wannan kai zuwa wancan, kada ki ja. 'Yan kunne kuma ki kula da tsinken da abin da ke riƙe shi ta baya, domin nan ne ke ɗoyi idan an daɗe ba a wanke ba.

Ɗauraya a wani kwano na ruwa mai tsabta za a yi, ba a bakin famfo ba. Na taɓa yin wannan kuskure: ɗan kunne guda ya sulluɓe daga yatsuna masu santsin sabulu, ina ji ya yi ƙil a jikin kwanon wanke hannu, ya bi rariya. Har yau ɗan'uwansa na nan shi kaɗai a akwati, kuma duk sanda na gan shi sai raina ya sosu. In dole sai kin yi a famfo, ki toshe ramin, ki sa kayan cikin matacin shayi.

Daga nan ki tsane da yadi mai laushi marar gashi, irin wanda ake goge tabarau da shi, ki bar su a kan tawul su sha iska har su bushe sarai kafin ki adana. Takardar goge hannu tana iya barin ƙananan karce a kan gwal mai karat da yawa, a bar ta.

Mai ruwan gwal ba ya son jiƙo ko buroshi. Yadi mai ɗan danshi, shafa ɗaya, a busar. Farin gwal ma yawanci an lulluɓe shi da wani ƙarfe mai suna rodiyam. Idan ya fara komawa rawaya-rawaya, ba datti ba ne, lulluɓin ne ya ci, sai dai maƙeri ya sake masa.

Azurfar da ta yi baƙi

Baƙin azurfa ba tsatsa ba ce, ba kuma alamar jabu ba. Sinadarin farar wuta da ke cikin iska ne ke haɗuwa da fatar ƙarfen ya yi wannan duhun. Idan kaɗan ne, ƙyallen goge azurfa ya wadatar. Idan ya yi yawa, musamman a sarƙar da yadi ba ya shiga lungunanta, ki shimfiɗa takardar alminiyam a gindin kwano, ki ɗora azurfar a kai ta yadda tana taɓa takardar, ki barbaɗa garin bekin soda, irin wanda ake sa wa kek, kamar babban cokali ɗaya ga kowane kofin ruwa, sannan ki zuba ruwan zafi ya rufe ta. Za ki ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Farar wutar ce ke barin azurfar tana komawa jikin alminiyam. Cikin 'yan mintuna baƙin zai washe. Ki ɗauraye, ki busar da kyau. Ina son wannan hanya don ba ta kankare komai daga jikin ƙarfen. Amma ba a yi wa azurfa mai dutse ko lu'ulu'u, ko wadda aka baƙanta zanenta da gangan don ado, domin har wannan baƙin za ta ɗauke.

Waɗanda ba sa son jiƙo sam

Lu'ulu'un kawa shi ne mafi rauni a akwatinki. Sinadarin jikinsa irin na alli ne, don haka duk wani abu mai tsami, ruwan khal ko lemun tsami, yana cin sa, kuma sheƙin da ya tafi ba ya dawowa. Ana jera shi a zaren siliki, zaren kuwa idan ya jiƙe yana saki yana kama datti. Kulawarsa ita ce, duk sanda kika cire, ki shafe kowane ƙwaya da yadi mai laushi da ɗan danshi, ki kwantar da shi ya bushe, kada ki rataye. Idan kin ga ƙwayoyin sun fara yawo a kan zaren, lokacin sake shi ya yi.

Zumurrudu kusan kullum yana da ƙananan tsagu a cikinsa, waɗanda ake cikewa da mai don ya yi garau. Ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi suna wanke man, sai tsagun su bayyana. Murjani da ofal, dutse mai walƙiyar launuka, da firoza, dutse shuɗi-shuɗi, su ma shafa da danshi kawai suke so. Duk waɗannan kada a saka su a na'urar nan ta wanke kayan ado mai girgiza ruwa.

Abubuwan da ke kashe gwal

Kulorin, wanda ke cikin bilic da ruwan tafkin ninƙaya, yana cin ƙarafan da aka gauraya da zinarin, har faratan zobe su yi rauni su karye ba tare da an ga alama ba. Ki cire zobe kafin wanki da goge-goge. Na biyu ita ce zaiba. Tana manne wa zinari ta bar masa farin tabo, ta sa shi gautsi. Ana samun ta a tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, da wasu mayukan bilicin fata. In hakan ta faru, kada ki gwada ƙona shi a gida, tururin zaiba guba ne; ki naɗe shi daban ki kai wa maƙeri.

Turare da man shafawa da feshin gashi kuma, a gama da su, su bushe, sannan a saka sarƙa. Da an dawo, ita ce ta fara fita.

Adana

Kowane abu da mazauninsa, a 'yar jakar yadi ko akwati mai ɗakuna. Daimon yana karce duk abin da ya taɓa, har ɗan'uwansa daimon. Sarƙa a ɓalle maɓallinta kafin a ajiye, ba za ta cukurkuɗe ba. In ta riga ta ƙulle, ɗigon man jarirai da allura biyu a kan faranti za su warware ta, sai a wanke man. Azurfa tana son jakar leda mai zif da aka matse iskarta, da 'yar ƙullin nan mai shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma a nisanta ta da robar ɗaure kuɗi, don roba na baƙanta ta. Lu'ulu'u akasin haka ne, leda na busar da shi, jakar yadi yake so.

Abin da kike sawa kullum, wanki sau ɗaya a mako biyu ko a wata ya isa. Sau ɗaya a shekara kuma ki kai zobba masu duwatsu wurin maƙerin zinari ya duba faratan da gilashinsa na ƙara girma, kuma kafin ki miƙa, ki ɗauki hoton kowanne, a auna nauyinsa a gabanki, ki rubuta.