Kurakuran da ake yi wajen zaɓen asibitin iyali a tsarin inshorar lafiya

Duk wanda ya shiga tsarin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ko na KSCHMA, takwararta ta jihar Kano, za a miƙa masa fom ya rubuta asibitin da shi da iyalinsa za su riƙa zuwa. Da yawa a tsaye suke cike gurbin nan, sai ciwo ya zo a fara da-na-sani.

Babban kuskure shi ne bin suna. Mutum yana zaune a Kurna, sai ya rubuta asibitin koyarwa da ke can titin Zariya, wai a can ƙwararru suke. To, abin da zai fi kai ka wurin likita zazzaɓin yaro ne da tsakar dare, da awon ciki, da duba hawan jini, kuma duk waɗannan kusa suke so. Ƙwararrun ma ba su kuɓuce maka ba: idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, likitanka zai rubuta takardar turawa, kamfanin HMO, wato mai kula da inshorarka, ya ba da lambar amincewa, ka wuce. Ga shi a manyan asibitoci likitoci juyawa suke yi, wanda ya gan ka yau da wuya ka same shi a wata mai zuwa, kullum sai ka faro labarinka daga tushe. Mai ciwon suga ya san wahalar hakan.

Sai ruɗuwa da allon ƙofa. Sunan likita na nan ɓaro-ɓaro, amma shi sai bayan la'asar yake leƙowa idan ya tashi daga aikin gwamnati. Kafin ka sa hannu, je ka tambaya: wa ke duba marasa lafiya da safe, kuma akwai likita mai kwana? Neman ganin lasisinsa na MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, wanda ake sabuntawa duk shekara, ba rashin kunya ba ne.

Batun magani kuwa, kada ka tambayi mai asibiti. Tambayi waɗanda ke zaune a layi. A tsarin NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kake biya, amma wannan rangwame bai da amfani a inda kullum amsar ita ce "babu, a sayo a waje".

Magidanta kuma suna yawan yanke shawara su kaɗai, alhali uwargida ce za ta fi zarya da yara. Idan ta fi sakewa da likita mace, a nemi inda take.

Ranar farko kada ka je hannu rabbana. Ɗauki tsofaffin takardun gwaji da kwalayen magungunan da kake sha, ka faɗi na gargajiya ma, domin wani jiƙon ba ya jituwa da maganin asibiti.

Wanda ya riga ya yi zaɓen tumun dare, ƙa'idar NHIA ta ba shi damar sauya asibiti bayan wata 6. Ya je ofishinsu na jiha ya cike fom ɗin canji, ya kuma nemi tsohon asibitin ya rubuta masa taƙaitaccen bayanin jinyarsa ya tafi da shi.