Sarautar Baronet a Birtaniya: Inda Masu Bincike Ke Yin Tuntuɓe

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne a ga sunan dangi ɗaya a ɗauka sarauta ɗaya ce. Baronet sarautar gado ce da Sarki James na Ɗaya ya ƙirƙiro a 1611, yana karɓar fam 1,095 daga kowane wanda aka ba, kuɗin ciyar da soja 30 na shekara uku a Ulster, wani lardi a arewacin Ayalan. Ba a ba wa dangi ita a dunƙule. Mutum ɗaya ake ba, da takardar naɗi, da sunan wuri a haɗe. Saboda haka gida ɗaya na iya riƙe sarautu uku, gidaje biyu da ba su haɗa jini ba kuma su yi tarayya a suna.

Dubi gidan Bacon. Akwai ta Redgrave ta 1611, wadda ita ce babba a duk Ingila, akwai ta Mildenhall ta 1627, akwai ta Gillingham ta 1662 da ta ƙare a 1685. Biyun farko sun haɗu a kan mutum ɗaya a 1755, amma kowace da ƙirgenta. Shi ya sa ake kiran Sir Nicholas Bacon na 14 a Redgrave, na 15 a Mildenhall. Sai wani ya ga lamba biyu ya ce ai kuskuren bugu ne, ya goge ɗaya. Wa ya aike ka? Haka aka sha cakuɗa Sir Philip Sassoon da Sir Victor Sassoon: na farko tasa ta Kensington Gore ce ta 1890, ta ƙare da mutuwarsa a 1939, na biyu ta Bombay ce ta 1909, ta ƙare a 1961. 'Yan uwa ne, amma babu wanda ya gaji wani.

Maganin da nake yi ba shi da wuya. Ba na rubuta sunan kowa sai na cika abu huɗu a layi guda: sunan dangi, sunan wurin, shekarar naɗi, da rukunin. Rukunan biyar ne: Ingila daga 1611, Ayalan daga 1619, Nova Scotia daga 1625, Birtaniya daga 1707, Haɗaɗɗiyar Masarauta daga 1801. In ɗaya ya ɓace, na ajiye alƙalami in koma neman sanarwar naɗin. Kada sunan Nova Scotia, wani yanki a Kanada, ya ruɗe ka, masu sarautar galibi mutanen Sikotilan ne, yawancinsu ba su taɓa taka Kanada ba.

Kuskure na biyu ya fi kama mu nan gida. Kunnenmu ya saba da "Sa" a gaban sunan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa, sai a zaci duk mai Sir iri ɗaya ne. Tasu lambar girma ce ta KBE, ta tsaya a kansu, ba a gado. Baronet yana da Bt a bayan suna, ita ce shaida. Shi kuma Lugga baron aka yi masa a 1928, wannan wani mataki ne dabam na 'yan Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda baronet ba ya samun kujera a cikinta don sarautarsa. Harafi biyu ne tsakanin baron da baronet, amma masu fassara kullum sai sun zame a nan.

Sai batun magaji. Mutuwar uba ba ta isa a rubuta ɗa a matsayin baronet ba. Tun 1910 akwai kundin hukuma, kuma sai magaji ya kawo takardun haihuwa, aure da mutuwa sun tabbatar da shi kafin a shigar da sunansa. In shekara biyar ta wuce babu wanda ya tabbatar, a ce sarautar ta kwanta. Kwantawa dabam, ƙarewa dabam: ta ƙare ne kawai in babu sauran magaji a doron ƙasa. Ko wanda ke cikin kundin ma ana iya tono bayansa. A 2016 gwajin ƙwayar halitta ya sa alƙalai suka mayar da sarautar Pringle ta Stichill ga wani reshe na gidan, bayan reshen farko ya riƙe ta shekaru da dama.

Ƙananan kuma: ba a cewa "Sir Bacon", Sir da sunan yanka yake tafiya, amma matarsa Lady Bacon ce. Kada a ɗora wa 'ya mace gado sai an ga takardar naɗin ta yarda, abin da kusan a tsofaffin sarautun Sikotilan kaɗai ake samu. In ka ci karo da Sir Jamsetjee Jejeebhoy a shekaru daban-daban tun 1857, ba tsawon rai ba ne, kowane magaji sunan yake ɗauka. Duk wanda aka ce an naɗa shi sabon baronet bayan Denis Thatcher, mijin Margaret Thatcher, a 1990, a sake dubawa, don daga kansa ba a ƙara ba.