Kafin ka taɓa saiti, duba riƙonka

Salamu alaikum 'yan'uwa masu zuwa filin atisayen harbi. Da yawa idan harsashi ya kauce sai su ce laifin saitin fistol (ƙaramar bindigar hannu) ne, wato abin auna hari, alhali galibi hannu ne.

Ɗaga hannunka sama sosai a mariƙin, tsakanin babban yatsa da manuni ya matse can ƙarƙashin bayan bindigar, kada ka bar giɓi. Hannu na biyu ya rufe gefen da ya rage, shi zai fi matsewa, manyan yatsu biyu suna kallon gaba. Hannun da ke jan kunama kuwa kada ka damƙe har ya riƙa rawa.

Mai harbi da dama, in ka ga ramukan harsashi a jikin abin da kake hari na taruwa ƙasa ta hagu, fizgar kunama kake yi. Ja ta a hankali, kai tsaye zuwa baya. Don ka gwada kanka, cire harsashi duka, ka duba sau biyu, ka ɗora kwabo a saman bindigar, ka ja kunamar ba tare da ya faɗo ba.

Sai ramuka sun taru wuri guda sannan ka matsa saitin baya zuwa ɓangaren da kake so su koma. Gyaran kunama kam, don Allah a bar wa ƙwararren mai gyaran bindiga.